Hannun da Iya Ta Ɗaure

Ban san sau nawa na buge kawuna a ƙeya da ƙwallon tanis ba, amma na san bai taɓa yafe mini nan take ba. Sai ya juyo a hankali, ya dafa wurin, ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Malam, ni ne abokin gabar taka?" 'Yan kallo su bushe da dariya, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina sabon malamin elementare. Gidanmu yana Ƙofar Kuyambana. Ni ɗan fari ne, don haka ana yaye ni aka kai ni wurin kakata ta wajen uwa, wadda muke kira Iya, kuma ban sake komawa ba. Kawu shi ne autanta. Malamin asibiti ne na En'e, wato hukumar gargajiya, dogo, mai saurin fushi da saurin hucewa, kuma a duk unguwarmu shi kaɗai ya mallaki raket. Raket ɗin katako ne, yana ajiye shi cikin matsi don kada ya lanƙwashe, ya rataye shi a inda yaro ba ya kaiwa. Ranar da na kama aiki ya sayo mini nawa na hannu, ya ce in yi la'asar in bi shi.

Filin yana wajen ganuwa, a kulob ɗin ma'aikata. Jar ƙasa ce aka daɓe, aka ja layuka da farar ƙasa, aka ɗaura raga a tsakiya. Da gajeren wando fari ake wasan, amma wa zai ratsa birnin Zariya da gwiwa a waje? Sai mu saka shi daga ciki, mu ɗora dogon wando da riga, mu hau kekuna kamar masu zuwa ɗaurin aure. Sai mun isa bayan ɗakin kulob muke tuɓewa. Duk da haka Iya ta sani, kuma ba ta fasa faɗa ba. "Kun fita ke nan, masu bin ƙwallo tsirara," in ji ta, ba tare da ta ɗaga kai daga kaɗinta ba.

Bibbiyu muke wasa, ni da Kawu a gefe ɗaya. Mai sabis, wato wanda zai fara sakin ƙwallo, yana tsayawa a layin baya, ya cilla ƙwallon sama da hannu ɗaya, ya doke shi da raket, ya tsallake raga ya faɗa cikin ɗan akwatin da aka zana a ɗaya gefen. Dama biyu gare shi. In ya ɓarar da duka biyun, ya ba abokan gaba ci a banza. Abokin wasansa kuma yana tsaye kusa da raga, ya ba shi baya, yana jiran ya tare ƙwallon da aka mayar tun yana iska. Nan Kawu yake tsayawa in sabis ɗina ne, shi ya sa ƙeyarsa ta sha wahala.

Ba ƙarfi na rasa ba. Wani lokaci in saki ƙwallo ya wuce kamar harsashi, har Kawu ya ce madalla. Na gaba ya ci raga. Na bayansa ya haura shinge ya faɗa gonar rogo, a tsaya nema. Ni kaina ban san inda zai nufa ba sai ya isa. A bakin raga kuwa abin ya fi muni. In ƙwallo ya taso mini da sauri, kafin in yi tunani raket ya bar hannun dama ya koma na hagu, ko kuma ya tsaya a tsakani, hannuwa biyu suna rigima a kansa har ƙwallon ya wuce. Wannan ne abin da Kawu ba ya iya haƙuri da shi. Bugun ƙeya yakan mayar da shi wasa, amma in ya ga raket a hagu, sai fuskarsa ta canza. "Mayar da shi!" in ji shi, da tsawar da ta fi ƙarfin laifin. "Mayar da shi inda aka koya maka!"

Bahago aka haife ni, kowa a gidan ya sani. Iya ce ta gyara ni, kamar yadda ake cewa a lokacin. Ta ɗinka wata 'yar jaka ta saƙi, in lokacin cin abinci ya yi ta zura hannuna na hagu a ciki ta ɗaure a wuyan hannu. In na miƙa wa babba abu da hagu, ludayi ya sauka a kan yatsuna. In na karɓa da shi, ta ƙwace abin ta sa in sake karɓa. Bayan ta buge ni kuma ita ce mai jawo ni jikinta, ta hura mini yatsun, ta ɓantaro mini ƙuli-ƙuli. Ban taɓa riƙe ta a zuci ba, har yau. Tsoro take ji kada a ce jikanta ba shi da tarbiyya, kada malamin allo ya yi mini abin da ya fi ludayi. Kafin in shiga makaranta na iya ci da rubutu da gaisuwa da dama, har na manta da wata jaka.

Kowace shekara, gab da shigowar bazara, wasu Kanawa biyu sukan zo kulob ɗinmu a kara. Babbansu wani Alhaji ne, akawun sayen gyaɗa, sa'an mahaifina, mai ƙaton ciki da hannu mai laushi. Kun san tsakaninmu da Kanawa. Tun daga tashar jirgi suke fara tsiya, su ce sun zo duba ko Zagezagi sun koyi riƙe raket, su ci abincinmu, su cinye mu, su koma suna dariya. Kawu bai taɓa cin su ba, ko da wa ya haɗu. A shekarar da nake ba da labari kuwa gwiwarsa ta dama ta fara kumbura bayan kowane wasa, shi da kansa ya duba ta ya yanke wa kansa hukunci, cewa in Kanawa sun zo sun tafi ya ajiye raket.

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba ya tsayar da ni a hanya, muna tura kekuna ta cikin ƙofa. Ya ce mutanen kulob sun yi masa magana. Akwai wani akawun baitulmali, sabis ɗinsa ba ƙarfi, kamar mai jefa wa kaji tsaba, amma kullum yana shiga.

"Da kai nake so in yi wasana na ƙarshe," in ji Kawu, yana kallon gabansa. "Amma ina so in ci mutanen nan sau ɗaya kafin in zauna. In hannunka bai tsaya wuri ɗaya ba kafin su zo, zan ɗauki akawu. Kada ka ce ban gaya maka ba."

Na ce to. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin nan shi ya koya mini hawan keke, shi ya raka ni makaranta ranar farko. In zauna a benci in ga wani ya tsaya bayansa a ranarsa ta ƙarshe, wannan ban ga yadda zan iya haɗiye shi ba.

Sai na mayar da bayan gidanmu fili. Akwai wani sarari tsakanin bangon ɗakin Iya da katangar maƙwabta, inda take shanya. Na ja layi da gawayi a jikin katanga daidai tsayin raga, na ajiye tsohon faifai a ƙasa ya zama abin saiti. Da na taso daga makaranta sai in hau bugu da ƙwallaye masu sanƙo da aka yar a kulob. Katangar ta yi ta zubar da ƙasa. Iya ta fito da tabarmarta da mazarinta ta zauna a inuwa, wai don ta tsare shanyarta daga gare ni.

"Maigida," in ji ta, don haka take kirana in tana neman tsokana, "in ka rushe katangar mutane, da albashin naka za ka gina, ko sadakina za ka karɓe?"

"Wa zai biya sadakin tsohuwa mai haƙori uku?" na ce.

"Wanda ya fi ka saiti."

Makonni suka shuɗe, ba abin da ya canza. In na sami faifan sau biyu a jere, sai na uku ya doki tulu. Wata ranar Alhamis akuyar maƙwabta ta shigo ta inda katanga ta zube, ta sa baki a kuɓewar da Iya ta yanka ta shanya. Tana can nesa, a ƙarshen sararin. Raket yana hannuna na dama, ƙwallo yana hagu, ban san lokacin da na wurga shi ba. Ya same ta a gindin wutsiya, ta yi tsalle ta fice. Ta sake leƙowa, na ɗauki wani na sake samunta a wuri guda.

Iya ta tsayar da mazari. Ta daɗe tana kallon hannuna.

"Ashe bai manta ba," in ji ta.

Ta nuna raket ɗin da haɓa.

"Ka taɓa riƙe abin nan da shi?"

Na gaya mata gaskiya. Na taɓa gwadawa, ni kaɗai, a jikin ganuwa inda ba kowa. Da hagu ƙwallo yana zuwa inda na aike shi. Amma Kawu ya hana, kuma ko da bai hana ba, ni kaina ba zan iya ba. Wanda zan aika wa ƙwallon Alhaji ne, sa'an ubana, baƙo kuma. Ta yaya zan tsaya a gaban jama'a in miƙa masa abu da hagu? Yau in na faɗi haka yara sukan yi mini dariya, amma a lokacin da na tuna abin sai in ji yatsuna suna zafi.

Iya ta gyara zama kamar alƙali.

"Wannan ƙwallon, in ka aika masa, ci yake yi?"

"A'a."

"Ajiyewa yake yi a aljihu ya kai wa iyalinsa?"

"Dawo mini da shi yake yi."

"Yana yi maka godiya?"

"Iya, so nake ma kada ya same shi."

"Kai, Allah ya shirye ka," in ji ta. "Ka aika wa mutum abu kana addu'a kada ya same shi, ka ce miƙawa kake yi? Wannan ai jifa ne, irin wanda ka yi wa akuya. Je ka kira mini kawunka."

Kawu ya shigo da rigar aiki, yana warin magani, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta ce daga yau yaron nan da hagu zai riƙa buga abinsu.

"Iya, ai ke kika hana," in ji shi.

"Na hana ci da shi. Na hana karɓa, na hana miƙawa. Ban taɓa hana jifa ba."

Kawu bai tashi daga durƙuson ba. Ya dube ta, irin kallon da ban taɓa gani ya yi mata ba.

"Ba ki taɓa hana jifa ba?"

Ta ɗauki mazarinta, ta shafa alli a yatsu, ta murza. "Ba wanda ya tambaye ni, auta," in ji ta.

Na ɗauka fushi yake yi don an karya masa doka a gabana. Ya miƙe ya fita, ranar ko kulob bai je ba. Washegari kuwa tun kafin in cire rigar makaranta ya leƙo ya ce in ɗauko raket.

Ban taɓa shan wuya a hannun mutum kamar yadda na sha a watannin nan ba. Hannun hagu ya san hanya, amma ba shi da ƙwari, in na yi bugu kaɗan sai kafaɗa ta ɗau zafi. Na dama kuma, da aka ba shi aikin cilla ƙwallo sama, sai ya zama kamar na wani. Ya cilla gaba, ya cilla baya, ya cilla bisa kaina. Kawu ya ce duk sabis daga nan yake lalacewa, in ƙwallo bai tashi wuri ɗaya ba, ba yadda za a yi ya sauka wuri ɗaya. Ya kai ni ƙarƙashin ceɗiyar ƙofar gida, ya nuna mini wani reshe, ya ajiye faifai a gaban ƙafata. In ɗaga ƙwallo ya sumbaci reshen, ya sauko cikin faifai, ba bugu, ba komai. Masu wucewa masallaci suna tambaya ko lafiya. Shi kuwa in ya karɓa don ya nuna mini, da hagunsa yake cillawa kamar kowane mai wasa da dama, ƙwallon ya tashi tsaye ko juyawa ba ya yi, ya taɓa ganye guda, ya dawo tafinsa. Duk kulob an san ba wanda ya kai shi wannan. Bugunsa ne dai ba wani abin a zo a gani ba.

A bakin raga ya hana ni lilo da raket. "Tarewa ake yi, ba duka ba," in ji shi. "Raket a gabanka, wuyan hannu a ƙage, ka taka ƙafa ka same shi. Ƙarfin na wanda ya bugo ne, kai aro kake yi." Ya tsaya kusa yana watso mini ƙwallaye dama da hagu har sai na daina ƙifta ido. Da hannuwan suka daina rigima, sai na ga ashe lokaci yana da yawa, ƙwallon da a da yake zuwa mini kamar walƙiya yanzu har ɗinkin jikinsa nake gani. Ya kuma sa ni in riƙa yin abu ɗaya kafin kowane sabis, in tsaya, in sauke numfashi, in dubi inda nake so, sannan in ɗaga. Ya ce gara mai taushi da ya shiga da mai zafi da ya tafi gonar rogo.

Bai taɓa ce mini na ci jarrabawa ba. Ana saura kwanaki Kanawa su zo na ji yana gaya wa akawun baitulmali cewa ana neman wanda zai zauna a kujerar alƙalin wasa.

Ranar wasa Alhaji ya ga raket a hannuna na hagu, ya tsaya ya riƙe ƙugu. "Lallai Zariya ta ƙare," in ji shi. "Na daman sun gaza, an koma bahagwai." Na durƙusa na gaishe shi sosai, na ba shi hannun dama, na dafa da ɗayan, don dai ya san an yi mini tarbiyya. Sannan na koma layin baya, na dubi ƙeyar Kawu, na tuna akuya.

Sabis ɗin bahago yana lanƙwasa ne ta gefen da mai dama bai saba ba. Alhaji ya yi ta miƙa raket yana kamo iska, in ya samu ya taɓa sai ƙwallon ya taso a sanyaye, Kawu na bakin raga ya danne shi. Ban ɓarar da dama biyu a jere ba ko sau ɗaya, kuma ƙeyar Kawu ta kwana lafiya. Ba da sauƙi muka ci ba. Can tsakiyar wasa gwiwar ta motsa, ya koma ɗingishi, Kanawa suka gane suka riƙa aika masa ƙwallo nesa, sai da na riƙa rufe filina da rabin nasa. Amma mun ci. Alhaji ya zube a benci yana fifita da hula, yana rantsuwa cewa cin hagu ba ya shiga lissafi, a Kano ma ba za a yarda ba. Kawu ya yi dariya har da hawaye.

Rana ta yi ƙasa, mutane suka watse, aka tafi raka baƙi. Na je bayan ɗaki na saka dogon wando, na dawo na tarar Kawu shi kaɗai a layin baya da ƙwallaye biyu. Ya duba dama da hagu kamar mai shirin sata. Sai ya mayar da raket hannun hagu.

Na farko ya ci raga, don damansa ba ta iya cillawa ba. Ya tsaya, ya sauke numfashi, ya ɗaga na biyu. Ban taɓa jin irin wannan ƙarar daga raket ɗinsa ba. Kafaɗa da ƙugu da wuyan hannu duk suka tafi tare, ƙwallon ya sauka a kusurwar akwati ya tayar da farar ƙasa, ya wuce ya daki shinge. Ya tsaya yana kallon wurin.

"Jakar da aka ɗaure ka da ita," in ji shi, bai juyo ba, "tawa ce. Gado ka ci."

Tausayinsa ya kama ni. Shekara da shekaru yana wasan nan da hannun aro, yana shan kashi a wurin Kanawa, ga hannun da zai ci su rataye a gefensa yana cilla masa ƙwallo. Ya mayar da raket cikin matsinsa, ya ɗaure, ya miƙo mini da hannun dama, na karɓa da dama.

Mun shiga gida ana shirin magariba. Iya tana bakin ƙofar ɗakinta, ta dama fura ta rufe da faifai. Ba ta tambayi wa ya ci ba, yaran unguwa sun riga mu isowa. Kawu ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya gaishe ta. Ta miƙa masa ƙwarya, ya karɓa da dama ya sha. Sai ta kamo ɗaya hannun, na hagun, ta ɗora a cinyarta, ta juya tafin sama tana dubawa.

"Ka gwada?" in ji ta.

"Na gwada, Iya."

"Ya shiga?"

"Ya shiga."

Ta gyaɗa kai. "Da ka tambaye ni, auta."

"Ina ɗan shekara huɗu, Iya?"

Ta sunkuya ta hura masa yatsun, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take yi mini bayan ludayi. Shi kuwa, mutum mai furfura a gemu, ya bar mata hannun, bai janye ba har ladan ya kira salla.